Lissafi a Bayan Kalanda

Takardar ta iso ran Laraba da la'asar,
Da hatimi ja da sa hannun manaja.
Na ninke ta huɗu na cusa a aljihu,
Ta kwana uku tana suka ta kamar ƙaya.

Sun ce in zo Katsina in riƙe masu littafi,
Kamfanin sumunti, daf da Ƙofar Durɓi.
Abin da nake karɓa a nan Daura
Za su ɗora masa dubu ɗari.
Dubu ɗari! Na faɗa ƙasa-ƙasa
Kar bango ya ji, ya kai wa masu bina bashi.

Da dare na juya kalanda na ɗauki biro.
Kuɗin mota zuwa, kuɗin mota dawowa,
Ɗan acaɓa daga tasha,
Shinkafa da waken da zan saya a titi
Maimakon kwanon da Barira ke aiko min da zafinsa.
Na cire, na sake cirewa,
Ɗarin nan ta rame kamar akuyar bazara,
Amma dai ba ta mutu ba, tana numfashi.
Abin da ya rage zai toshe yoyon ɗaki,
Ya biya wa Saude kuɗin zango,
Har nama ya riƙa leƙo tukunya ran Juma'a.

Ran Litinin na ce bari in auna hanya da jikina.
Na fita ana kiran assalatu,
Motar Iro, mu biyu a kujerar gaba,
Giya tana dukan gwiwata a kowace kwana.
A Shargalle ƙafata ta mutu,
A Mashi wani ya shigo da kaji,
Kafin Kayauki na yi barci a kafaɗar wanda ban sani ba.
Komawa kuwa sai da mota ta cika,
Kuma mota ba ta cika don kana sauri.

Na shigo gida an idar da isha'i.
Saude ta yi barci da fensir a hannu,
Ta bar mini layi uku na jimla
Da muka saba warwarewa tare.
Baba Sada, da idonsa ya daina gani,
Wanda hannuna ke kai shi magariba shekara biyar,
Yau ɗan maƙwabta ya ja shi,
Ya manta bai faɗa masa akwai kwata ba.
Na ga laka a bakin rigarsa.
Wannan a wane layi zan rubuta shi?

Barira ta ce, «Karɓi. Damina ba ta jiran kowa,
Na gaji da jera kwanoni a tsakar ɗaki.»
Ba ta ɗaga kai daga tsintar wake ba.

Na zauna gun Baba, na karanta masa takarda.
Ya yi shiru har na ɗauka ya yi gyangyaɗi.
Can ya ce, «Lokacin da nake fataucin Damagaram,
Na dawo wata rana da tsarabar dabino,
Ka ruga bayan uwarka kana cewa an yi baƙo.»
Ya shafa bango da tafin hannu.
«Da kuɗin tafiyar aka yi wannan ginin.»
Daga nan bai ƙara ba.
Na jira ya nuna min wanne ya fi nauyi,
Sai ya ce in miƙo masa buta.

Jibi suke son amsa.
Biro na kan takarda, bakinsa a buɗe.
Na saita ƙararrawa ƙarfe huɗu da rabi,
Na kashe,
Na sake saitawa.
Can bakin titi wata mota ta wuce Katsina,
Ina jin kukanta har ya ɓace.